Ta Kasa Karatun Nan

Sapele,
18 ga Janairu, 1987.

Zuwa ga ƙanena Tasi'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Yaya jikin Inna, ƙafar ta saki kuwa? Ka gaida mai ɗakina Hure da yara. Ni ma lafiya lau, in ban da tarin nan da ƙurar katako ta sa mini, wanda yanzu mun saba da juna.

Aiki yana nan, wato har yau ba a kai ga sunana ba. Tun kaka kamfani yake rage mutane. Duk Litinin sai mu taru a bakin ofis, helima, wato shugaban leburori, ya karanto sunayen waɗanda aka sallama. Wanda bai ji nasa ba ya koma jera katako yana murna kamar an yi masa kyauta. Mu goma sha ɗaya ne 'yan Kano a nan lokacin da na zo, yanzu saura mu huɗu.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Maganar 'yar nan taka ce, babbar, ta ɗakin Hure. Idan ban ɓata ba, bana take gama aji uku na ƙaramar sakandare. Wani mutumin Bichi da muke aiki tare ya ce mini a sabon tsarin nan daga aji uku ake raba hanya. Ya ce akwai jarrabawa ta daban ta shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata, ta kwana, kuma sai uba ko mai riƙo ya sa hannu a fom kafin a bar yarinya ta zauna.

To, ga abin da nake so. Ka je makarantarsu da ƙafarka, ka ga malamanta, ka faɗa mini gaskiya: yarinyar nan za ta iya, ko ba za ta iya ba? Ba na son daɗin baki. Daɗin baki ne ya kai ni inda nake. Kana ƙarami lokacin, amma ka ji labari. Malam Hadi, malaminmu na firamare, ya ce wa Baba yaron nan ƙwaro ne, aka ɗauke ni aka kai makarantar kwana. Shekara biyu ina zaune a bayan aji ban san me ake cewa ba, har aka gaji da ni aka koro ni. Daga bakin titi zuwa ƙofar gidanmu, akwati a ka, babu gidan da ba a leƙo ba. Ni namiji ne, na tsere na bar garin. Ita ina za ta tsere?

Shekara tara ina nan, ni da na haife ta sau shida na gan ta a ciki. Ban san rubutunta ba ma. Saboda haka idonka shi ne idona.

Ka gaida Inna da kyau.

Yayanka,
Kamilu.

*

Gidan Dabo, ta Minjibir,
9 ga Fabrairu, 1987.

Zuwa ga Yaya Kamilu,

Gaisuwa da ban girma. Wasiƙarka ta iso, kowa ya ji daɗi. Ƙafar Inna da sauƙi, har ta koma zama a ƙofar gida da ɗan tumatirinta da gyaɗa. Hure lafiya, yara lafiya, sai ƙaramin da ya yi ƙyanda ya warke. Inna ta ce ka riƙa shan zuma don tarin, na ce mata ina ya ga zuma a can.

Hatsin bana bai yi auki ba. Rumbun gabas ya kusa rabi tun yanzu. Tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu.

Na je makarantar kamar yadda ka ce. Asama'u kam ta kasa karatun nan, Yaya, tun farkon zango. Ita da kanta, ba wanda ya sa ta. Firinsifal ya shigar da ni ofis ya nuna mini komai, ya ce tunda yake koyarwa bai taɓa ganin irin haka a 'yan aji uku ba. Hure ma da na gaya mata sai ta riƙe baki.

Fom ɗin da ka ce ya zo, yana wurina cikin jakar Alƙur'ani. An ce a mayar kafin ashirin ga Maris. Ina jiran izininka in sa hannu.

A tsaye nake rubutun nan a kasuwar Minjibir, za a rufe gidan waya. Sauran bayani sai wani jiƙon.

Ƙanenka,
Tasi'u.

*

Sapele,
26 ga Fabrairu, 1987.

Tasi'u,

Bayan gaisuwa. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna da warkewar yaron. Ni ina nan yadda ka sani.

Jiya aka ba ni wasiƙarka lokacin tashi cin abinci. Na karanta sau uku a gindin tarin katako, na ba wani garin rogona ya sha, don ni ya fita daga raina.

Na ce ka faɗa mini gaskiya, ka faɗa, na gode. Har ofis aka shigar da kai aka nuna maka. Na san wannan shigarwar, an yi wa Baba ita a kaina. Da ya fito sai ya sa ni gaba muka nufi tasha.

Abu ɗaya ne na riƙe ka da shi. Ka ce tun farkon zango. Kana gida, kuna cin tuwo a tsakar gida ɗaya, sai da na tambaya daga nan bakin teku sannan aka sani? Da ban rubuto ba fa? Amma bari in yi shiru, don wanda ya bar 'ya'yansa shekara tara ba shi da bakin tuhumar wanda ya zauna da su.

Ita kuwa ban ga laifinta ba, kuma ka gaya wa Hure haka. Kar a doke ta, kar a yi mata gori, kar a riƙa kwatanta ta da 'yar wani. Yarinyar da za ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta taka zuwa makaranta da ƙafa, ta tarar ko malami ya zo ko bai zo ba, me ake so ta yi? Mu nan muna jin labari a rediyo, malamai wata da watanni ba albashi. An ƙirƙiro sabon tsari a takarda, an ce za a koya wa yara kimiyya da sana'a, ba littafi, ba alli. Waɗanda suka tsara shi 'ya'yansu ba a irin waɗannan makarantun suke ba. Mu dai namu a yi gwaji da su.

Ka ce ita da kanta, ba wanda ya sa ta. Wannan ne ya fi ci mini rai, don na san yadda yake. Yaro yana kai wa inda zai daina tambaya, ya zauna kawai yana kallon allo. Ni ma ba wanda ya sa ni.

Saboda haka ga maganata. Kar ka sa hannu a fom ɗin nan. Ba zan bari a kai ta zauren jarrabawa cikin 'ya'yan birni ta zauna tana juya takarda ba, ta dawo a yi ta tambayarta yaya aka yi. In ma aka yi rashin sa'a ta tsallake, koro ta za a yi daga baya, wannan kuwa ya fi muni. Ta ƙarasa aji ukun nan lafiya, ta karɓi takardarta. Bayan nan ka kai ta Dawanau wurin Maijidda ta koyi keken ɗinki. Ai 'yar'uwarmu ce, ba za ta wulaƙanta ta ba, kuma ɗinki ba ya koro mutum.

Na gama magana a kan wannan. Kar Inna ta sa ka ka canza.

Yayanka,
Kamilu.

*

Gidan Dabo,
16 ga Maris, 1987.

Yaya,

Gaisuwa. Kowa lafiya, sai dai gidan ba daɗi tun shekaranjiya da wasiƙarka ta zo.

Yaya, wallahi ba haka na ce ba. Ko kuma haka na rubuta, amma ba haka nake nufi ba. Kasawa irin ta Inna nake nufi, yadda take kasa tumatir a ƙofar gida, kashi-kashi. Ba gazawa ba. Asama'u ce ta ɗaya a ajinsu.

Bari in yi maka bayanin da ban yi ba a kasuwa. Malamai bakwai ne a makarantar, uku suke zuwa. Na lissafi tun bara ya koma awon hatsi. Yara sai su zauna daga safe har azahar suna wasa. Ita ce monita. Sai ta raba 'yan ajin kashi biyar, kowane kashi ya ɗauki darasi ɗaya, su karanto, su zo su koya wa saura a gaban allo. Littafin kimiyya ɗaya ne tak a ajin, ta tsara kwanakin da zai yi a hannun kowa, yana yawo ƙauye uku a cikin leda, bai taɓa ɓata ba. A gida kuma tana da faifai a ɗakin Inna da 'ya'yan tsamiya a kai, tsibi biyar. Kowane tsibi darasi ne, kowace ƙwaya shafi. In ta gama shafi ta ɗauke ɗaya ta jefa a gwangwani. Ranarta ma haka ta yi mata: ruwa da sassafe, makaranta, surfe, Islamiyya, sannan karatu daga la'asar sakaliya zuwa magariba, don ba kananzir. Wannan firinsifal ya nuna mini, ya kwafe shi a takarda ya manna a bangon ofis.

Kuskurena na biyu ya fi na farko. Da wasiƙarka ta zo ban duba ba, na shiga ɗakin Inna na fara karantawa da ƙarfi, Hure na zaune. Ban san yarinyar tana bakin ƙofa da turmi ba. Sai da na kai wurin keken ɗinki na ji taɓarya ta tsaya.

Inna ta ce, "Maimaita mini, wa ya gaza?"

Na ce, "Inna, kasa na rubuta, shi kuma ya karanta kasa."

Ta ce, "To ai ka ji! Ku da bokonku. Ni da ban shiga aji ba na ji bambanci, shi da aka kai makarantar kwana bai ji ba?"

Na ce ai a takarda iri ɗaya ne. Ta ce, "To takardar banza ce. Kai kuma uban 'yan sauri, da ka ƙara kashi-kashi hannunka zai karye?"

Asama'u ta sake ɗaukar taɓarya. Ta ƙarasa surfenta, ta wanke, ta shanya. Yau da safe ta je wurin firinsifal ita kaɗai, ban aike ta ba. Ta roƙe shi ya jira. Ya ce ashirin ga wata tasa ce, shi ya sa ta don iyaye masu jan ƙafa. Amma ranar Juma'a uku ga Afrilu da safe zai ɗauki fom ɗin duka ya kai Kano da kansa, daga nan kuma ba abin da zai iya.

Inna ta ce in sa hannu kawai. Na ce ba zan tsallake maganarka ba, tunda ka ce ka gama magana. Wataƙila kana da wani dalilin bayan wannan. Don Allah ka rubuto da wuri.

Ƙanenka,
Tasi'u.

*

Sapele,
30 ga Maris, 1987.

Tasi'u,

Gaisuwa a gurguje. Yau Litinin da hantsi wasiƙarka ta zo, kwana goma sha huɗu a hanya. In na sa wannan a gidan waya sai bayan an gama komai za ta iso. Na roƙi helima rabin yini, na bi gareji-gareji har na sami Sama'ilu, direba ne mutumin Shanono, zai ɗauki katako zuwa Kano gobe da asuba. Ya yi mini alkawari zai kawo maka da hannunsa ranar Alhamis.

Ka sa hannu. Ba ni da wani dalili, ban taɓa samun wani dalili ba. Ka sa hannu ka kai wa firinsifal a daidai lokacin da takardar nan ta shiga hannunka, ko kana gona ne.

Na sake ɗauko wasiƙarka ta farko na karanta a fili, da murya, kamar mahaukaci, a gaban masu lodi. Ga shi nan ƙiri-ƙiri. Mutum ya ce bai taɓa ganin irin haka ba, uwa ta riƙe baki, kai kuma kana neman izinin sa hannu. Wa yake neman izinin sa hannu wa yarinyar da ta gaza? Duk yana ciki. Ni ne ban gani ba.

Sauran magana daga baya. Sama'ilu yana jira.

Kamilu.

*

Gidan Dabo,
6 ga Afrilu, 1987.

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Muna lafiya, zafi ne kawai ya sauko. Malam Sama'ilu ya iso jiya Lahadi da yamma. Motarsa ce ta lalace kusa da Lakwaja, suka kwana uku a bakin hanya. Bawan Allah bai ko sauke kaya ba ya hau motar Minjibir ya zo, yana ta ba da haƙuri. Inna ta sa aka dama masa fura.

Yanzu sai in faɗa maka abin da na yi, ka yanke hukunci.

Ranar Alhamis na wuni a bakin titi ina duban kowace mota. Ba kowa. Juma'a da sassafe ina ba dabbobi harawa sai ga Asama'u da kayan makaranta, ta ɗauko fom daga jakar da kanta, da biro. Ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta tashi ba.

Na ce, "Babanki bai aiko ba."

Ta ce, "Na sani, Baffa."

Na ce, "To me kike so in yi?"

Ta ce, "Baffa, Baba ya hana wadda ta gaza ne. Ni ban gaza ba. Wadda ya hana ɗin ba ta gidan nan."

Na ce mata ba a yi wa maganar manya irin wannan fassarar. Ta ce to, amma in raka ta makaranta kawai, in har mun isa ban ga dama ba, ita da bakinta za ta ce wa firinsifal ya tafi. Muka kama hanya, tana gaba ina baya. Muka tarar har ya ɗaure jakarsa a bayan babur. Ya dube ni ya ce, "Malam Tasi'u, yaya? Rana tana yi."

Yaya, a kan sirdin babur ɗin na sa hannu.

Na san yanzu ga izininka a hannuna. Amma lokacin da na sa, ba ni da shi. Abin da nake da shi a aljihu shi ne takardar da ka ce kar in sa. Tunda Baba ya rasu ban taɓa tsallake maganarka ba, ko a kan gona ko a kan dabba. Wannan na tsallake, ido buɗe. Ba zan ɓoye a bayan wasiƙar Malam Sama'ilu ba. Ka yafe mini.

Jarrabawar sai bayan sallah. An ƙara tsibi na shida a faifai, wai tsofaffin tambayoyi.

Ƙanenka,
Tasi'u.

*

Sapele,
24 ga Afrilu, 1987.

Zuwa ga ƙanena Tasi'u,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya, da fatan za a shiga azumi lafiya. Nan ruwa ya sauka, katako ya yi nauyi, tarin ya ɗan ƙaru. Litinin da ta wuce an kira mutumin Bichi. Saura mu uku.

Kwana goma sha takwas na yi ban san ko fom ya tafi ko bai tafi ba. Sama'ilu bai dawo ta nan ba. Ba na yi wa maƙiyina fatan irin waɗannan kwanakin.

Ba zan yi maka ƙarya ba, da na karanta inda ka ce ka sa hannu ido buɗe, wani abu ya soke ni. Na ce wato yanzu maganata a gidan ubana ta zama abin da ake dubawa a ga ko ta dace. Na yini da wannan. Da na auna sai na ga ai haka ne, kuma haka ya kamata. Ba abin da zan yafe maka. Da ka bi maganata ran nan, da ni da kai mun ɗauki alhakin da ba za mu iya saukewa ba.

Inna ta ce laifin takarda ne, kai ka ce laifin saurinka ne. Kowa ya ɗauki nasa, amma babban nawa ne. Kalma ɗaya ta zo mini da fuska biyu, ban tsaya ko tambaya ba na zaɓi mummunar, don ita na sani. Kaina na karanta a wasiƙar, ba yarinyar ba.

Ka kira ta, ba a gaban mutane ba, ka ce mata babanta ya yi kuskure. Da wannan kalmar za ka faɗa, kar ka gyara mini ita, kar ka ce rashin fahimta ne. Kuma ka ce mata ko ta ci jarrabawar nan ko ba ta ci ba, ba wanda zai ce ta gaza a gabana. Hure ta ɗauke mata surfe har a gama, ko da kuwa tuwon zai yi tsakuwa.

Abu na ƙarshe. Daga yau duk takardar makaranta da ta zo, tata ko ta ƙannenta, ka duba, ka tambaye su, ka sa hannu, sannan ka ba ni labari. Kar ka sake tsayawa a bakin titi kana jirana. Maganata mako biyu take yi a hanya, kafin ta iso abin da take magana a kai ya riga ya canza. Kai ne kake ganinsu. Ban ji daɗin rubuta wannan ba, amma na rubuta.

A gaida Inna, a ce mata na ji saƙonta.

Yayanka,
Kamilu.